Kwalbar Da Ba Ta Da Kwanan Wata

Da hantsin wata Asabar, Auta tana ɗakin baya ta ɗaure hanci da ƙyalle, hannuwanta cikin safar roba, tana juya sabulun ruwa a wani ƙaton bokiti. Ɗakin nan a da na zuba tarkace ne. Ita ta share shi ta sa masa kwaɗo, take kiransa kamfani, alhali in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita sannan ɗayan ya iya juyawa.

Inna, mahaifiyarta, ta leƙo daga bakin ƙofa tana yamutsa fuska.

"Ke wai juyin nan naki ba ya ƙarewa ne? Tun asuba nake jin ƙwaram-ƙwaram kamar ana rushe gidan!"

"Saura kaɗan, Inna. Don Allah kar ki shigo, sodar tana da ƙarfi."

"Oh ni! Da gidana a hana ni shiga ɗaki. To Allah ya ba da kasuwa, uwar kamfani."

Tsiya kawai Inna take yi, don ta fi kowa sanin abin da bokitin nan yake yi wa gidan. Auta tana aji huɗu na sakandare mahaifinsu ya rasu, a shekarar ce kuma malamar kemistiri ta koya musu haɗa sabulu. Sauran 'yan ajin ana kaɗa ƙararrawa suka watsar da darasin a bakin ƙofa. Auta kuwa ta dawo gida ta haɗa kwalba biyar, ta sayar wa ƙawayenta. Yanzu shekarunta ashirin da ɗaya, tana ajin ƙarshe a kwalejin kimiyya, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara tambayar kowa kuɗin makaranta ba. Maganin hawan jinin Inna ma daga bokitin yake fitowa.

Akwai wani abu da take yi wanda ake mata dariya a kansa. Malamar ta gargaɗe su cewa soda tana cin fata, don haka Auta ba ta zuba ta sai da sikeli, ba ta haɗawa sai ta jiƙa ta ta kwana ta wuni. In sabulu ya kwanta sai ta tsoma takardar gwaji ta duba launinta, sannan ta ɗiga a cikin tsintsiyar hannunta ta jira. In bai yi zafi ba, ta cika 'yar ƙaramar kwalba ta jera a kan kanta, ta rubuta kwanan wata a gindinta da gindin duk kwalbar da za ta fita kasuwa. Kantar ta cika maƙil, har Inna tana cewa wata rana kwalaben nan za su kore su daga gidan.

Tana cikin juyin sai ga Yaya, wanta ɗaya tilo, ya sha guga, fayil a hammata. Shekara huɗu ke nan da ya gama digiri, kullum sai ya goge riga ya fita neman aiki, kullum kuma ya dawo da ƙura a takalmi. Ba mugu ba ne, amma zaman banza ya sa bakinsa ya yi ɗaci, kuma ba abin da ke ci masa rai kamar ya ga ƙanwarsa ce ke cefane.

"Masu digirin bokiti, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Ina kwana?"

Maimakon ya wuce kamar kullum sai ya jingina da ƙofa.

"Wai sodar nan nawa kike zubawa?"

"Gwargwadon sikeli."

"In aka ƙara fa? Ba sai ya fi wanki ba?"

"Sai dai ya fi cin hannu, Yaya."

Ya yi 'yar dariya, amma Auta ta ga idonsa ya sauka a kan ƙusar da take rataye makullin ɗakin. Ta yi a'uziyya ta ci gaba da juyi.

Da la'asar Dogo ya kawo mata sababbin sitika, irin waɗanda take liƙawa a kwalabe masu ɗauke da hoton kumfa. Shi ma ɗalibi ne a sashen kwamfuta, yana da 'yar firinta a ɗakinsa yana buga wa mutane kati da sitika. A wajen cinikin sitikar suka haɗu. Ta matse shi a farashi har ya yi gumi, ya ce bai taɓa ganin kwastoma mai taurin kai irinta ba, daga nan kuma bai sake samun sukuni ba sai da ya san gidansu. Mahaifiyarsa nas ce a wata makarantar kwana ta ƙananan yara, mace ce da ba a cika ganin haƙorinta ba, kowa Nas yake ce mata. Da farko ta ce ba ta son ɗalibar da ta raba hankalinta tsakanin littafi da kasuwa. Sai da ta ga sakamakon jarrabawar Auta da idonta sannan ta sauko, har ta yi hanya makarantar ta fara sayen sabulun don wanke hannun yara. Ta kuma ce in sun gama jarrabawar ƙarshe za a zauna maganar aure.

"Sati biyu kacal ya rage," in ji Dogo yana murmushi. "Ki yi karatu siriyos, kin san Mama sai ta ga rizal."

"Kai dai ka ji da naka. Ni har waya zan kashe, na gaya wa kwastomomina kamfani ya tafi hutu."

Washegari ta haɗa littattafanta ta koma hostel, ɗakin kwanan ɗalibai, wajen wata ƙawarta. Har ta kai ƙofar gida da makullin a hannu, sai ta tuna Inna za ta iya buƙatar sabulun wanke-wanke. Ta koma ta rataye shi a ƙusa.

Ranar Juma'ar da ta rubuta takardar ƙarshe ta dawo gida da murnarta, amma tun daga ƙofa ta ji gidan ya yi wani irin shiru. Rediyon Inna a kashe. Inna tana zaune a tsakar gida ta rafka tagumi, ta amsa sallama ba tare da ta ɗago ba.

"Inna, lafiya? Jikin ne?"

"Lafiya lau. Je ki ajiye kayanki."

Auta ba ta ajiye ba, ɗakin baya ta nufa. Kwaɗon yana rufe, amma tana buɗewa wani wari mai kaifi ya daki hancinta. An wanke bokiti an kife shi a inda ba nan take kife shi ba. Buhun soda da ta bari kusan cike ya koma rabi. Sikeli yana saman kanta da ƙurarsa, ba wanda ya taɓa shi. Sitikar da Dogo ya kawo babu ko ɗaya. A bayan ƙofa kuma ta tsinci safar hannunta guda a yage, kamar wani mai babban hannu ya yi ƙoƙarin cusawa ta ƙi, ya yar.

Ta kunna waya. Ko gama buɗewa ba ta yi ba kiran Dogo ya shigo.

"Auta! Tun jiya nake nemanki. Kina ina?"

"Ina gida. Me ya faru?"

"Yara goma sha ɗaya a makarantar su Mama hannuwansu sun saɓule. Sabulunki ne — sitikata ce a jiki! Kwalba arba'in aka kai ranar Talata."

"Ni ban kai komai ba! Ina hostel!"

"Na sani. Amma Mama ta ce ki zo ranar Litinin ƙarfe goma, hedimasta zai zauna. Iyayen yara suna maganar 'yan sanda." Muryarsa ta canja. "Ta kuma ce in cire ki daga raina."

Wayar ta suɓuce daga hannunta. Da ta waiwayo sai ta ga Inna tsaye a bayanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

A ɗakin Inna maganar ta fito. Mai kula da siton makarantar ya kira wayar Auta ya ji ta a kashe, sai ya tako har gida, ya tarar da Yaya. Yaya ya ce ba matsala, za a kawo. A wuni ɗaya ya jiƙa, ya haɗa, ya ɗura, ya kai. So yake ya sayi takalmi da riga, don an kira shi intabiyu a wani babban kamfani, kuma ga shi sun ɗauke shi, farkon wata zai fara.

"Shekara huɗu, Auta," Inna ta ce tana riƙe da hannunta gam. "Shekara huɗu yaron nan yana yawo har ƙafarsa ta yi kanta. In sunansa ya shiga wajen 'yan sanda aikin ya tafi, kuma wallahi ban san abin da zai yi wa kansa ba. Ke ɗaliba ce, kowa ya san ki da kirki, za a ce kuskure ne a yafe miki. Ki ce ke kika haɗa."

"Inna, ƙarya fa kike so in yi!"

"Rufin asiri nake roƙo."

"Ni kuma nawa asirin fa? Shekara shida ina gina sunan nan kwalba-kwalba. Dogo fa, Inna? Mamarsa ta ce..."

"In rabonki ne ba zai wuce ki ba. Ɗan'uwanki kuwa ba ki da wani."

Auta ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta san Inna ba don ƙi take faɗa ba. 'Ya'ya biyu gare ta, ta duba ta ga ɗaya ya fi ƙarfi, shi ne ta ɗora masa kayan.

Yaya bai fito ba ranar. Da safe ta kai masa ruwan zafi ɗakinsa, ta same shi zaune a bakin gado cikin riga mai dogon hannu, duk da zafin da ake yi, ya cusa hannuwa a hammata. Ya ƙi kallonta.

"Yaya, mu ga hannunka."

"Ba ruwanki da hannuna."

"Don Allah mu gani."

Da ƙyar ya fito da su. Auta ta runtse ido. Tafukan sun yi jajir, fatar ta ɗaye, tsakanin yatsu har ruwa yake yi. Kwana huɗu yana ɓoye su a tsumma don tsoron kada a asibiti a tambaye shi dalili. Ba ta ce masa komai ba. Ta ɗauko ruwa mai tsabta da man ƙuna da bandejin da take ajiyewa a kamfani saboda tsautsayi, ta durƙusa ta wanke masa a hankali ta naɗe. Hawayenta yana ɗiga a kan bandejin.

"Ki zage ni mana," ya ce da dasasshiyar murya. "Shirun nan ya fi zagi."

"Ba ni da abin cewa, Yaya. Kai babba ne."

Ta jira ko zai ce zai je ya faɗi gaskiya. Ya buɗe baki, ya dubi sabon takalmin da ke ƙarƙashin tebur, ya mayar ya rufe.

Ranar Lahadi da yamma Dogo ya zo, duk da an hana shi. Suka tsaya a ƙofar gida, hadari ya haɗo, iska tana kwasar leda a titi. Ya zaro wata kwalba daga jaka ya juya gindinta sama.

"Duba. Babu kwanan wata. Arba'in ɗin duka na bi ɗaya bayan ɗaya, babu. Sitikar ma a karkace aka manna, ke kuwa ko da ido rufe ba ki manna ta a karkace. Wa ya shiga ɗakinki?"

Ta kau da kai.

"Auta, mutum nawa ne a gidan nan? Ni ba yaro ba ne. Gobe zan tashi in faɗa da bakina."

"In ka faɗa, kai da ni mun gama."

"Haba! In na yi shiru Mama ta raba mu, in na yi magana ke ki raba mu. To ina zan sa kaina?"

"Sori, Dogo. Inna ta roƙe ni da hawaye. Ƙaryar da ta ce in yi ba zan yi ba, amma ba zan kama sunan kowa ba. In mai abin ya ga dama ya faɗa da kansa."

"In bai faɗa ba fa?"

Ta ɗago ido jajir ta dube shi.

"To ka yi wa Mama biyayya. Ita ta haife ka, kuma yaran da aka ƙona a hannunta suke."

Dogo ya daɗe yana kallonta. Daga ƙarshe ya ce, "Zan yi shiru don kin ce. Amma ki sani, ko shekara goma za a yi, ni ina nan." Ya juya ya tafi, ruwa ya fara sauka, ita kuma ta tsaya har sai da ya sha kwana.

Litinin da safe ta kwashe 'yan kwalaben kanta na shekarar nan kaf ta jera a kwali, ta sa takardun gwaji a jaka. Kwalin ya yi mata nauyi. Inna, wadda ba ta runtsa ba, ta ce Yaya ya raka ta ya ɗaukar mata, ba ya yiwuwa yarinya ta je ita kaɗai kamar ba ta da kowa. Ya so ya ƙi, Inna ta watsa masa wani kallo. Ya ja hannun riga ya rufe bandejin, ya rungumi kwalin da damatsa.

A ɗakin shan magani na makarantar aka zauna. Warin magani ya cika ɗakin, fankar sama tana juyawa da ƙara. Hedimasta yana kan kujera, Nas tana tsaye da fararen kaya ta haɗe rai, Dogo yana jikin taga. A kan wani benci kuma yara uku ne da aka kawo canjin bandeji, hannuwansu a naɗe fari fat a kan cinya. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da kwalin, bai shigo ba.

Ta durƙusa ta gaida Nas.

"Mama, ina kwana?"

"Ba gaisuwa ta kawo ki ba. Na ɗauke ki kamar 'yata, na sa sunana a gaban makaranta saboda ke. Dubi hannuwan nan. Me kika zuba?"

"Mama, sitikar tawa ce, ɗakin nawa ne, kuma ni na bar makulli a inda bai kamata ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Kuɗin maganin yaran ni zan biya, ko zan shekara ina biya. Amma ba ni na haɗa sabulun nan ba."

"To wa ya haɗa?" in ji hedimasta.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ki iya ba!" Nas ta buga tebur. "An ƙona 'ya'yan mutane, ke kina ɓoye wanda ya yi? Ko dai ƙarya kike, ko kuma kin fi son mai laifi a kan yaran nan. Ko wanne ne, ba za ki shiga gidana ba. Kai kuma," ta juya ga Dogo, "ka ji da kunnenka. Magana ta ƙare."

Dogo ya dafe ƙarfen taga, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi Auta, ta girgiza masa kai a hankali. Ya haɗiye maganar. Hedimasta ya jawo waya ya ce tunda haka ne ba shi da zaɓi, iyaye suna jira a ofis, sai a kira 'yan sanda su bincika. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye yana zuba a kan siminti. Ta riga ta sallama komai.

Can sai wata 'yar yarinya daga kan bencin, wadda ba ta wuce shekara shida ba, ta sauko ta taka zuwa bakin ƙofa. Nauyin kwalin ya ja hannun rigar Yaya baya, bandejinsa ya fito fili. Ta ɗaga nata hannuwan ta jera kusa da nasa.

"Kawu, kai ma sabulun ne ya cije ka? Kar ka yi kuka, Nas tana da alewa."

Nas ta juyo a hankali. Yaya ya dubi 'yan yatsun da ke leƙowa daga bandejin yarinyar. Yana iya cewa ruwan zafi ne, ba wanda zai hana shi. Sai ya sauke kwalin, ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ni ne," ya ce. "Wallahi ni ne! Ita tana wajen jarrabawa, ba ta ma sani ba. Na ɗauka abin banza ne, tunda ƙanwata tana yi ni mai digiri ba zai gagare ni ba. Ban auna ba, ban jira ba, na ninka sodar don ya fi kyau. Ta ga hannuna, ta wanke min, ba ta ce min komai ba... Ku kira 'yan sandan, ni za su kama."

Ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai wuyar saurare. Auta ma kukan take, ta rasa na baƙin ciki ne ko na sauƙi.

Nas ta je ta buɗe kwalin, ta ɗauki kwalba ta juya gindinta, ta ɗauki wata, ta ɗauki wata. Kowacce da kwanan watanta, babu satin da aka tsallake sai sati biyun jarrabawa.

"Waɗannan na mene ne?"

"Shaida ce, Mama. Duk haɗin da na yi ina ajiye kaɗan, ko da wani zai yi ƙorafi. Sai na gwada a hannuna kafin ya fita."

Nas ta karɓi takardar gwaji ta tsoma a ɗaya, ta tsoma wata a kwalbar da ta ƙona yaran, ta jera su. Ko makaho ya laluba zai san ba haɗin mutum ɗaya ba ne, don ta biyun har ta fara narkewa. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta ɗiga na Auta a tsintsiyar hannunta, ta tsaya tana kallon agogo. Da minti biyar ya cika ta goge.

"Shekara ashirin da biyu ina aikin nan," ta ce, "na ga manya da satifiket waɗanda ba sa kula da aikinsu haka. Tashi, 'yata. Amma ki ji, shirun da kika yi ban yaba ba, da yarinyar nan ba ta yi magana ba da kin jefa kanki a wuta. Abin da na yaba shi ne an matsa miki ki yi ƙarya kin ƙi." Ta juya ga Yaya. "Kai kuma zo nan in ga hannun, kafin ya ruɓe."

Ba a kira 'yan sanda ba, amma abin bai tafi a banza ba. Hedimasta ya sa Yaya ya tsaya gaban iyayen yaran ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya sha zagi har ya gode Allah. Labari ya kai kamfanin da suka ɗauke shi, suka janye. Makarantar ta dakatar da sayen sabulun zango guda, wasu kwastomomi suka gudu, Auta ta yi wata biyar tana biyan magani. Inna ta kira ta ɗaki ta ce, "Ki yafe min, na so in gyara ɗaya in ɓata ɗaya." Auta ta ce ba komai, suka yi kukansu suka share.

Hannuwan yaran sun warke sarai. Na Yaya ne suka bar tabo. Wata safiya Auta ta fito ta tarar da shi a ƙofar ɗakin baya, ba guga ba fayil.

"Uwar kamfani, ana ɗaukar ma'aikata?"

"Ana ɗauka. Amma wata uku wankin bokiti kawai za ka yi, ko sikeli ba za ka taɓa ba."

"Na yarda."

Ta miƙa masa sabuwar safar roba, babba, daidai hannunsa. Ashe ta daɗe da saye ta ajiye.

Da rizal ya fito Auta ce ta biyu a ajinsu. Nas da kanta ta tako gidan, har aka ga haƙorinta, aka sa ranar aure. Dogo ya ce shi dai ba zai ƙara yin ciniki da matarsa ba, sitika kyauta ce har abada, ita kuma ta ce a rubuta a sa hannu.

Masu cewa sana'a tana raba ɗalibi da karatu ba su san Auta ba. Kuɗin makaranta shi ne mafi ƙanƙantar abin da bokitin nan ya ba ta. Ya koya mata auna abu kafin ta zuba, da jira har lokaci ya yi, da tsayawa a bayan aikin hannunta ko da za ta rasa wanda take so. Wanda ya raina ƙaramar sana'a kuwa, ya ɗauka takarda ta ɗauke masa koyo, to ya tambayi Yaya. Haƙurin da ta yi ya yi ɗaci, amma shi ya dawo mata da sunanta da masoyinta, ya kuma ba ta ɗan'uwan da ta daɗe ba ta da shi.

Yanzu kamfanin ya koma shago mai ƙofa biyu, Yaya ne ke kula da haɗi. A can saman kanta, sama da duk sauran, akwai kwalba ɗaya da ba ta da kwanan wata, sitikarta a karkace. Auta ta so ta zubar, shi ya hana. Duk ɗalibin da ya zo koyon sana'a, kafin a ba shi safa, Yaya yakan sauko da kwalbar ya ajiye a gabansa, sannan ya buɗe masa tafukan hannunsa.